Muhawara: Makarantun Kebbi su sauke Windows su ɗora Linux?

Malamin kwamfuta, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum malamai. Ga matsayata, kuma na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba: duk sakandaren da ke da ɗakin kwamfuta a jihar nan ta sauke Windows ta ɗora Linux, manhajar gudanar da kwamfuta ta kyauta, ta sa LibreOffice, ita ma ta kyauta, a gurbin Word da Excel. Dukansu buɗaɗɗun manhajoji ne, wato kowa na iya ganin rubutun da aka gina su da shi. Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina tura wa Windows 10 gyaran tsaro na kyauta, Windows 11 kuwa ba ta hawa yawancin tsofaffin kwamfutoci. To, su ne fa a hannunmu. Ko dai mu jibge su a sito ƙura ta cinye, ko mu ɗora musu abin da za su iya ɗauka. Na ɗora Linux Mint, wani nau'in Linux, a kan waɗanda aka riga aka yanke musu ƙauna a makarantarmu, yanzu 'yan aji huɗu a kansu suke koyon buga rubutu.

Hajiya mai makaranta, Argungu:
Wa alaikumus salam. Malam, araha ba ta ado. Uba ya biya kuɗin zango, ɗansa ya gama, ya je neman aiki a tambaye shi ya iya Excel, ya ce shi LibreOffice ya sani. Wa zai tsaya sauraronsa? Ni ke fuskantar iyaye, ba ku ba. Ko littattafan da muke koyarwa da su, hotunan Word ne a ciki.

Malamin lissafi, Yawuri:
Ni tambaya gare ni. An ce kowa na iya ganin cikin manhajar ya taɓa. Ashe ke nan kowane ɗan damfara na iya cusa mata abin da ya ga dama?

Ɗalibin kimiyyar kwamfuta, Aliero:
Allah ya gafarta Malam, ba haka abin yake ba. Kowa na iya karanta rubutun da aka gina ta da shi, ya kwafa, ya gyara nasa kwafin. Amma kafin gyara ya shiga ainihin wadda ake rabawa, sai masu kula da ita sun duba sun amince. Linux ɗin nan wani ɗalibi ne, Linus Torvalds, ya fara ta a Helsinki a 1991, yau ita ce ƙashin bayan Android. Wayar da Malam ya rubuto tambayar nan da ita, in Android ce, Linux ke ƙarƙashinta. Abin tsoro na gaske shi ne Windows ɗin da ake ɗora mana daga filas a kasuwa, an fasa makullinta, ba wanda ya san abin da aka haɗa ta da shi.

Mai shagon buga takardu, Jega:
Yaro ya yi magana mai kyau, amma ku zo shago ku gani. Katin biki, kalanda, allon kamfe, duk da CorelDraw ake yi. Yaron da ya iya shi ba ya kwana da yunwa. Na gwada Inkscape, takwaransa na kyauta, yana aiki, ban musa ba. Sai dai abokin ciniki da fayil ɗin Corel zai zo maka. Kuma takardar da aka tsara a LibreOffice, in na buɗe ta a Word, wani lokaci teburin ya karkace, shafi ya zame. Sakamakon jarrabawar aji guda ya taɓa ɓata mini yini haka.

Malamin kwamfuta, Birnin Kebbi:
Alhaji, a mayar da ita PDF kafin a kawo maka, ba abin da zai motsa. Hajiya kuma, abin da muke koya wa yaro shi ne ya jera lambobi, ya tara su, ya fitar da matsakaici. Umarnin SUM na tara lambobi a Calc, takwaran Excel a LibreOffice, shi ne dai a Excel. Wanda ya koyi tuƙi a wata mota ba ya rasa sitiyari in an ba shi wata. Jarrabawar JAMB da tun 2015 kowa a kwamfuta yake rubuta ta, ba ta tambayar wace manhaja ka saba da ita. Hannunka ya saba da madannai da linzami kawai. Yaranmu na ƙauye da ke zuwa ranar jarrabawa hannu na rawa, rashin taɓa kwamfuta ne ya jawo musu, kowace iri ce.

Malamin Islamiyya, Gwandu:
Akwai gefen da ba a taɓo ba, kuma shi ya fi damuna. In mai abu ya ce sai an biya, muka ɗauka ba mu biya ba, haƙƙi ne. Da safe mu karantar da yaro amana, da rana mu zaunar da shi gaban kayan da aka fasa makullinsu. Wanda ke da hali ya sayi lasisi, babu laifi. Wanda ba shi da hali, ga wadda masu ita suka ce a ɗauka, a raba, a kyautar. Ban ga uzurin da ya rage ba.

Hajiya mai makaranta, Argungu:
Allah ya gafarta Malam, wannan ta shige ni. Kwamfutocina dai da lasisinsu suka zo, amma na san ba kowa ba.

Malamar kimiyya, Zuru:
Ku kuna gardamar Word, mu inda nake koyarwa sai ka hau tudu kake samun sabis. Abin da ya amfane ni Kiwix ne: a sauke Wikipedia sau ɗaya a gari, har da ta Hausa, a zo da ita a filas, yara su yi ta bincike ba ko sisin data. Akwai Kolibri ma, kwamfuta ɗaya ta riƙe darussa, sauran su jawo daga gare ta ba intanet. Ranar da muka yi darasin zuciya, wata yarinya da ba ta cika magana ba ta tsaya gaban hoton tana bin hanyar jini da yatsa, har ta kira ƙawarta ta nuna mata inda yake komawa huhu. Amma gaskiya dukansu suna hawa Windows ma. Ba sai an sauke komai ba kafin a amfana.

Tsohon firinsifal, Birnin Kebbi:
'Ya'yana, na bi maganganunku duka. Malamin kwamfuta, ina tare da kai a manufa, ban tare da kai a kalmar "duk". Birnin Munik na Jamus ya kwashe shekaru yana mayar da kwamfutocin ofisoshinsa kan Linux, a 2017 majalisar birnin ta ƙada ƙuri'ar komawa Windows. Jihar Kerala ta Indiya kuwa ta riƙe buɗaɗɗiyar manhaja a makarantun gwamnati har yau, domin ta kafa hukuma musamman, ta horar da malamai, ta rubuta littattafan aji a kan manhajar da ke cikin kwamfutar. Mu fa? Malami ɗaya ne ya iya, ranar da aka yi masa canjin wurin aiki an rufe ɗakin ke nan. Na ga ɗakunan da aka kulle saboda batirin sola ya mutu, ba don manhaja ba. Kai kanka, in aka ɗauke ka gobe, wa zai riƙe naka?

Malamin kwamfuta, Birnin Kebbi:
Baba, a yanzu babu. Amma Windows ɗin ma in ta lalace ni ake jira. Horar da na biyu dole ne ko wacce aka zaɓa, kuma na fi son in horar da shi a kan abin da zan iya ba shi a filas ya tafi da shi gida da halalinsa.

Ɗalibin kimiyyar kwamfuta, Aliero:
Ana iya tayar da Linux daga filas a gwada ba tare da an goge komai ba, Hajiya. In an yi hutu ni da abokaina za mu iya zuwa.

Hajiya mai makaranta, Argungu:
Waɗanda ke aiki ba mai taɓa mini su. Akwai tsofaffi a sito, ku zo ku gwada a kansu, malamaina biyu su zauna tare da ku daga farko har ƙarshe. Kuma ku fara tabbatar mini firintata za ta yi aiki da ita, don da ita nake fitar da sakamakon zango.