Firobayotik bai sauke min sukarin juna biyu ba

Assalamu alaikum. Cikina ya kai mako 29, kuma a awon mako 26 nan Kumasi aka tabbatar min da ciwon sukarin juna biyu. Na rage tuwo, na daina sayen burkina (abin sha na gero da nono) mai zaƙi a unguwar Aboabo, sannan na yi mako 3 ina shan kindirmo marar sukari da kafson firobayotik (bakteriya mai amfani ga hanji) mai nau'in Lactobacillus, domin an ce bakteriyar hanji tana shafar aikin insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini. Duk da haka awon sukarin jinina na safe kafin karin kumallo yana tsayawa tsakanin 5.8 da 6.1, alhali ungozoma ta ce kada ya wuce 5.3, abin da na samu kumburin ciki ne da dare, kuma hankalina ya tashi saboda abin da ke cikina. Don Allah, in ci gaba da kafson, ko in koma wurin likita a fara min insulin?