Wa ya kashe kambun marasa nauyi a resilin?

Ɗan Fagge: Jama'a, abin nan ya daɗe yana ci mini rai, yau sai na amayar. Masu kwaikwayon ban dariya ne suka kashe resilin na marasa nauyi, ba kowa ba. WWF, kamfanin resilin na Amurka da yanzu ake kira WWE, ta fito da kambunsu a Disambar 1997, Taka Michinoku ya doke Brian Christopher ya ɗauka. Ko shekara ba a cika ba aka damƙa shi ga Duane Gill, wanda aka mayar Gillberg don kawai a yi wa Goldberg, tauraron kamfanin WCW mai gogayya da ita, shaƙiyanci. Tun Nuwambar 1998 yake hannunsa har Fabrairun 2000, kuma ba kasafai ake ganin ya kare shi ba. WCW ma a Janairun 2000 ta ba Oklahoma nata, mai kwaikwayon Jim Ross, mai sharhin wasannin WWF. A 2007 WWE ta ba Hornswoggle, ɗan wasan ban dariya, kambun, daga nan aka rufe shago. Sau uku ke nan. 'Yan tsalle-tsallen nan sun yi ta karya jikinsu a banza, 'yan wasan yara suka kwashe ladan. Wanda ya isa ya ƙaryata ni.

Injiniya: Malam, su wa kake kira 'yan tsalle-tsalle?

Ɗan Fagge: Ka san su mana. Su Rey Mysterio, su Juventud Guerrera, su Billy Kidman.

Injiniya: To ina za ka kai Dean Malenko? Shi ne ya karɓi kambun WCW daga hannun Shinjiro Otani a 1996, kuma aikinsa duk a ƙasa yake: kamun hannu, murɗe ƙafa, danne wuya. Abin da yake gama wasa da shi Texas Cloverleaf ne, ya harɗe maka ƙafafu, ya kifa ka, ya zauna maka a gadon baya. Mujallar resilin ta PWI shi ta sa na ɗaya a duniya a 1997. Ka janye kalmar nan tukuna, sai mu yi magana.

Baban Ummi: Ba zai janye ba, ai gaskiya ya faɗa. Wa ya taɓa kama kaset don ya ga Malenko yana murɗe ƙafa? Tsallen ake kallo.

Injiniya: Alhaji, ba ka san wanda yake yin tsallen ba shi ya sa. Ɗauki salon da ake kira harikanrana. Ƙaramin zai dira a kafaɗun abokin wasansa suna fuskantar juna, cinyoyinsa a gefen wuya. Wanda ke ƙasa shi zai tallafe cinyoyin da hannu biyu, ya ɗauke nauyin gaba ɗaya a ƙugunsa, ya bari na saman ya sulale da baya kansa ya yi ƙasa, sannan shi da kansa ya tunkuɗa ƙafa ya wuntsila gaba. Babu wanda ya jefa shi, shi ya jefa kansa. In ya yi jinkiri kaɗan, na saman kansa zai daki katako. In ya yi gaggawa, sai a ga ya faɗi tun ba a taɓa shi ba, 'yan kallo su yi ta ihu. Shi ya sa wasan Rey na farko a WCW, a Great American Bash 1996, da Malenko aka haɗa shi. Shi ya sa kuma ya fi haskawa in yana tare da Psicosis ko Eddie Guerrero.

Maman Haidar: Injiniya ya yi gaskiya, kuma haka abin yake a dirowa waje. Mai tarewa zai matso taku ɗaya gaba, ya buɗe hannu, ya karɓi mutum a ƙirji, su tafi ƙasa tare don nauyin ya rabu biyu. Wanda ya ji tsoro ya ja baya, ya bar ɗan'uwansa da siminti. Ga kuma matsalar ɓangare: 'yan Meziko sun saba kama hannun dama, 'yan Amurka na hagu. In ba su daidaita tun a ɗakin shiri ba, kowa zai juya ta inda ya saba, su yi karo.

Baban Ummi: Duk wannan bayani na yadda ake tsalle ne. Kun tabbatar da kalmar ke nan.

Injiniya: Na tabbatar da cewa rabin ajin ba sa barin ƙasa.

Na Damagaram: Ni dai roƙona ɗaya, na ga wasu suna ce wa wannan abu kokawa. Mu a Nijar, gasar takobi ba a raba mutane da sikeli. Ƙarami ya kama babba, wanda ya taɓa ƙasa ya faɗi, shike nan. Abin da aka rubuta wanda zai ci tun kafin a shiga fili, ku nemo masa wani suna.

Baban Ummi: Wa ya ce kokawa a nan? Resilin muka ce tun farko. Kai ka shigo da ita.

Na Damagaram: Na faɗa ne kafin wani ya ce.

Kawu Nitro: Ku bar wannan, ba a kanta muke ba. Ni abin da zan ce, kada a haɗa WCW da WWF a kwando ɗaya. Wasan farko da aka taɓa yi a Nitro, shirin talabijin na WCW, 4 ga Satumbar 1995, Brian Pillman ne da Jushin Liger. Halloween Havoc 1997 a Las Vegas, Eddie ya sa kambu, Rey ya sa takunkumin fuskarsa, har yau in ana lissafin wasannin da suka fi kyau a Amurka sai an ambace shi. Ultimo Dragon ya doke Malenko a Starrcade 1996, ya haɗa da kambuna takwas na J-Crown da yake ɗauke da su. Ku nuna mini abu ɗaya makamancin wannan a WWF ta wancan lokacin.

Baban Ummi: Kawu, da girmanka. Wa ya ɗauki Rey a 1996 ya cilla shi da ka a jikin tirela a bayan fage? Kevin Nash, a Nitro ɗinka. Wa ya cire wa Juventud takunkumi a 1998, ya cire wa Rey a SuperBrawl ta 1999? Kamfanin naka. Kuma in can ɗin aljanna ce, me ya kori Jericho a 1999, me ya kori Eddie da Malenko da Benoit da Saturn a Janairun 2000? Jericho ya doke Rock da Austin a dare ɗaya a 2001. Eddie ya karɓi babban kambu daga Lesnar a 2004. Rey ya ɗauki nasa a WrestleMania 22. A ina? Ba a Atlanta, gidan WCW, ba dai.

Kawu Nitro: Sai da suka bar ajin marasa nauyi kafin ku ba su komai. Wannan ai hujjata ce, ba taka ba.

Ɗan Fagge: Jama'a, maganar Gillberg fa na kawo.

Injiniya: Za mu zo kanta in ka janye kalmar. Kuma Alhaji, akwai dalilin da ya sa wasan ƙananan ya fi tafiya a WCW wanda ba ruwansa da son kai. Filin WCW ƙafa 18 ne kowane gefe, na WWF ƙafa 20. Igiyoyin WCW wayar ƙarfe ce da aka sa wa roba, ana ɗaure ta tamau, in ka taka za ta cilla ka. Na WWF igiya ce ta gaske da aka naɗe da tef, tana lotsawa a ƙarƙashin ƙafa. Wanda ya saba taku uku ya isa igiya, sai ya tarar yana bukatar ƙari, lissafinsa duk ya rikice.

Baban Ummi: Ka ga, yanzu kai ma kana auna igiyar tsalle.

Maman Haidar: Ku daina raina abin, ba wasa ba ne. Hayabusa a Japan, Oktobar 2001, ƙafarsa ta zame a igiyar tsakiya yana shirin alkafura ta baya, ya sauka a ka, wuya ya karye, bai sake wasa ba. Shooting Star Press kuwa, wata dirowa daga saman igiya, mutum gaba yake tafiya amma jikinsa baya yake juyawa, saboda haka ba ya ganin inda zai sauka sai a ƙarshe. Lesnar ya gwada a WrestleMania 19, Kurt Angle ya yi masa nisa, juyin bai cika ba, ya sauka a ka. Kidman da ya ƙware a kai ma a 2004 gwiwarsa ta sauka a kan Chavo Guerrero, aka fitar da shi a gadon ɗaukar marasa lafiya.

Na Damagaram: To in na masu nauyi ma suna yi, me ya sa ake raba aji?

Injiniya: Sikelin ma ai na labari ne. WCW ta ce laba 225, wajen kilo 102. WWF ta ce 215. Da WWE ta dawo da abin a 2016 aka ce 205, kilo 93. New Japan kilo 100 take cewa. TNA, wani kamfanin Amurka, ta ce nata ajin, X Division, ba iyakar nauyi, har Samoa Joe ya riƙe. Oklahoma kansa da suka gaji da shi, cewa aka yi ya wuce nauyi, ya ajiye kambun. Ranar da aka ba shi ba su da sikeli ne?

Ɗan Fagge: Yauwa, mun dawo kan Oklahoma. Ba na faɗa ba?

Maman Haidar: Ba ka faɗa daidai ba, Malam, don ka zuba su duka a buhu ɗaya. Hornswoggle ba kowa yake kwaikwaya ba, cire shi. Sauran kuma kala-kala ne. Kwaikwayon da ke aiki, mai yi zai ɗauko shigowar mutum, da tafiyarsa, da kalmar da aka san shi da ita, ya yi su daidai, sai ya lalata abu ɗaya tak. Goldberg yana fitowa cikin wuta da hayaƙi, Gillberg aka riƙa kunna masa 'yan sandunan tartsatsi na yara. Goldberg yana tambayar waye na gaba, shi yana tambayar waye na farko, don a nuna bai taɓa cin kowa ba. Har ihun sunansa na faifai ne, don a tsokani WCW da ake zargi da yin haka. Wannan an yi shi da basira. Jay Lethal da ya kwaikwayi Ric Flair a TNA a 2010, murya da numfashi da jefar da kwat duk ya kwashe, ga Flair ɗin a tsaye a gabansa. Mizdow, mai kwaikwayon Miz, a 2014 yana gefen fili, in aka jefar da Miz shi ma sai ya jefar da kansa, har 'yan kallo suka fi son sa a kan mai gidan. Inda abin ke lalacewa wuri biyu ne. Na farko in kamfani ya ce kwafin shi ne na ainihi, kamar Diesel da Razor Ramon na bogi a 1996 bayan Nash da Hall, masu sunayen na ainihi, sun tafi WCW. Babu abin dariya a ciki, mutane suka ji an raina musu hankali. Na biyu in aka taɓa lalurar mutum. Ed Ferrara, wato Oklahoma, ya riƙa karkace baki yana kwaikwayon shanyewar fuskar Jim Ross. Wannan ba barkwanci ba ne, rashin tarbiyya ne.

Baban Ummi: Kuma a WCW aka yi shi. A rubuta.

Kawu Nitro: Ferrara daga ina ya zo? Shi da Vince Russo daga WWF suka taso a 1999. Ku kuka aiko mana.

Baban Ummi: Ku kuka biya kuɗi kuka ɗauka.

Injiniya: Tun da an zo nan, ga abin da zai rushe maganar Ɗan Fagge gaba ɗaya. Rikicin Jericho da Malenko a 1998 ban dariya ne daga farko har ƙarshe. Ana ce wa Malenko mai kamu dubu, Jericho ya fito da doguwar takarda ya ce shi 1,004 ya iya, ya tsaya karantawa har aka tafi talla. A Slamboree aka yi wasan 'yan yawa don fitar da wanda zai kara da shi, wani mai takunkumi da ake ɗauka Ciclope ne ya ci, ya cire takunkumi sai ga Malenko. Wurin ya kusa tsagewa. Ga shigar burtu, ga dariya, kuma kambun daraja ya ƙara. Backlash 2000 ma, a dare ɗaya Big Show ya fito da shigar Hogan ya doke Angle, Malenko kuma ya kare kambun marasa nauyi a hannun Scotty 2 Hotty. Ɗaya bai hana ɗaya ba. Abin da ke kashe kambu shi ne a daina ba shi lokaci a talabijin. Na 2016 babu Gillberg ko ɗaya a cikinsa: mutum 32 suka yi gasa, TJ Perkins ya ci, aka yi ta canza musu igiya zuwa shunayya, aka ware su a shirin 205 Live, a Janairun 2022 aka haɗe kambun da wani ya ɓace.

Ɗan Fagge: To ai ni ma kusan abin da nake nufi ke nan.

Injiniya: Ba shi ka rubuta ba. Kuma har yanzu kalmar tana nan.

Kawu Nitro: Dare ya yi, bari in tattara a matsayina na mai kula da zaure. Abin da aka cimma: an yarda WCW ce ta gina ajin marasa nauyi, kuma filinta da igiyarta sun fi dacewa da su. An yarda WWF ce ta fara wulaƙanta kambu da ta ajiye shi wata goma sha biyar a hannun Gillberg. Abin da ya faru da Oklahoma, mutanen da suka zo daga WWF ne suka jawo. Kalmar 'yan tsalle-tsalle an yi watsi da ita. Na rufe.

Baban Ummi: Wa ya yarda? Ina maganar takunkumin Rey da tirela? Ka tsallake su kamar ba a faɗa ba.

Maman Haidar: Kawu, ni ban ce WWF ta wulaƙanta komai ba, cewa na yi Gillberg an yi shi da basira.

Ɗan Fagge: Kuma ni ban janye ba.

Injiniya: A gyara wani abu kafin a rufe. WCW ba ta gina komai daga tushe ba. Tiger Mask da Dynamite Kid sun yi wannan salon a Japan tun 1981, kuma su Rey da Psicosis sai da suka bi ta kamfanin ECW a 1995 kafin Bischoff, shugaban WCW, ya ɗauke su.

Kawu Nitro: Na ce na rufe, Injiniya. Maganar ECW ka buɗe mata nata zaren gobe.