Canjin tayar mashin: a gida ya fi arha ko wajen mai faci?

Ɗan Bolari: Salamu alaikum jama'a. Ni maganata ɗaya ce, duk mai mashin da ke kai taya wajen mai faci a canja masa, zubar da kuɗi yake yi. Liba biyu, wato ƙarafan ɓamɓaro taya daga rim, sifana da famfon hannu, shi ke nan. Sau ɗaya za ka saya ka shekara kana mora. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ko iska ba a ba ka kyauta, sai a ce inji fetur yake sha. To me zai hana in yi abina a ƙofar gida?

Baban Hafsat, Jekadafari: Wa alaikumus salam. Ta gaba kake nufi ko ta baya?

Ɗan Bolari: Duka biyun, Hamma.

Baban Hafsat, Jekadafari: Ta gaba na yarda, ka kwance wayar burki, ka zare ƙarfen tsakiya, ƙafa ta fito. Ta baya kuwa cirewar ba wuya, mayarwar ce aiki. Akwai sandar burki, akwai robobin cikin hob, wato cibiyar ƙafar, da ke zubowa, ga cen da za ka sake ɗaurewa. In alamomin ɗaurin cen na gefe biyu ba su zo daidai ba, ƙafar ta karkace ke nan, tayar da ka saya da tsada ta riƙa cin gefe ɗaya, cen ma ya tafi kafin lokacinsa.

Kawu mai faci, hanyar Dukku: Ku bar ni in sa baki tunda sana'ata ake magana. Yarona, ban ce ba za ka iya ba. Amma mafi yawan masu yi a gida, ni suke kawo wa ƙarshen aikin. Mutum ya zo yana tura mashin, ya ce sabon tib ne wallahi, jiya ya saya. In tsoma a bahon ruwa, sai ga kumfa na fita ta wata 'yar tsaga a gefe, daidai inda bakin liba ya cije shi. Ka je babbar kasuwa ka tambayi kuɗin tib, ka zo ka tambaye ni kuɗin aiki, ka ga wanne ya fi.

Ɗan Bolari: Kawu, Allah ya ƙara girma, ai ku ma yaranku suna cije tib. Akwai inda na kai tawa, yaron shago ya sa guduma ya lanƙwasa mini bakin rim, maigidansa ko haƙuri bai ba ni ba.

Kawu mai faci, hanyar Dukku: Wannan bai kyauta ba, kuma ba zan kare shi ba. Ni in yarona ya huda, ni ke facewa ba ko sisinka. A gida wa za ka kama?

Malam na Deba: Ku 'yan cikin gari kuna da zaɓi shi ya sa kuke musu. Mu da ke bin hanyar gona, ƙaya ta soke ka da yamma, daga kai sai Allah, wane mai faci za ka kira? Dole ka iya. Liba, gam da faci kullum suna ɗaure a mashin ɗina. Kuma ba wani sirri ba ne. Ka sa wa tib 'yar iska kaɗan kafin ka cusa shi don kada ya naɗe. Ka shafa ruwan sabulu a bakin taya, ban da baƙin mai, yana lalata roba. Ka danna gefen da ya shiga ya faɗa kwarin tsakiyar rim, sauran zai hau ba da kokawa ba. Wanda yake kokawa da liba shi ke huda tib.

Kawu mai faci, hanyar Dukku: Malam ya faɗi gaskiya, haka muke yi. Sai dai wannan a mai tib ne. Kawo mini tayar da ba ta da tib ka ce da famfon hannu za ka zaunar da bakinta, ka gani in ba rana za ta faɗi kana bugawa ba.

Maman Sadiq, Pantami: Ni ban iya riƙe sifana ba, amma ni ke karɓar balas, wato kuɗin da 'yan acaba ke kawo wa mai mashin. Mashin biyu na ba yara suna acaba. Ranar da ɗaya ya ce zai canja da kansa don ya rage mini kashe kuɗi, tun safe har aka kusa azahar yana fama. Lokacin kai 'yan makaranta da ma'aikata ya wuce, ranar balas bai cika ba. Ku sa wannan a lissafi don Allah. Mai mashin na hawa zai iya bari sai ranar hutu, mai nema da shi ba zai iya ba.

Ɗan Bolari: Hajiya, wannan rashin sabo ne. Na farko ne ke cin lokaci.

Baban Hafsat, Jekadafari: Abin da ke damuna, muna ta ja a kan kuɗin aiki alhali babban kuɗin yana jikin tayar kanta. Mutane nawa ke duba lambobi huɗun nan na gefenta? Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2322, an yi ta a mako na 23 na 2022. Taya takan tsufa a shago ko ba a taɓa hawanta ba, balle a zafin Gombe, sai ka ga gefenta ya fara tsattsagewa. Ga lambar girma, Boxer ƙarama 2.75-17 take ci a gaba, 3.00-17 a baya. In akwai kibiya a jikinta, ta kalli inda ƙafa ke juyawa. Na ga wadda aka ɗaura a juye, kuma a shago aka yi. Rai ne fa a kan abin nan, wani lokaci har da goyo.

Ɗan Bolari: To kun gani, ashe shagon ma sai ka tsaya a kansu. Ni dai ta gaba ba mai karɓar kuɗina. Kawu, in na ciro ƙafar baya da kaina na kawo muku, za ku rage mini?

Kawu mai faci, hanyar Dukku: Zan rage, ai ka ɗauke mini rabin aiki. Ka zo bayan la'asar, lokacin layi ya ragu. Ka duba robar da ke rufe kan sifok, wato wayoyin ƙafa, a cikin rim, in ta tsinke ka sayo wata ka taho da ita.