Harafi ɗaya ya sa na sake fentin allon shagona: stationery ko stationary?

Mai shagon kayan rubutu, Zariya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata uku allon shagona na rataye da STATIONARY ɓaro-ɓaro ban sani ba. Sai ranar da wata malama ta zo sayen alli da rajista, ta ja ni gefe ta ce, "Alhaji, allon nan fa cewa yake shagonka a tsaye yake, ba ya motsi." Ashe su biro, fensir, ambulan da littafin rubutu stationery ne, da e. Mai a kuwa abin da ke tsaye cak ne. Sai da na sake biyan mai fenti. Akwai wanda ya taɓa cin karo da wannan?

Sakatariya, Kaduna:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Ni a takardar neman kayan ofis abin ya same ni. Abin da ya fi ƙona mini rai, kwamfuta ba ta ja mini jan layi ba, tunda duka biyun kalmomi ne ingantattu, ita kuma ba ta san wadda kake nufi ba. Oga ya zagaye harafin da jan biro ya maido mini da fayil. Kayan suka makara mako guda.

Malamin kimiyya, Katsina:
Nawa a juye yake zuwa. Yaro zai bayyana motar da ke tsaye kafin ta tashi, sai ya rubuta stationery car. Kusan kowane zango sai na gyara shi a takardun jarrabawa.

Malamin Turanci mai ritaya, Kano:
Kada ku ga laifin kanku da yawa, Turawan Ingila ma furuci ɗaya suke yi wa kalmomin biyu, kunne ba ya raba su. Kuma tushensu ɗaya ne, kalmar Latin mai nufin tsayuwa. A zamanin da, yawancin 'yan kasuwa yawon talla suke yi, shi kuwa mai sayar da littattafai a kusa da jami'a rumfa yake kafawa ya zauna wuri guda. Shi ake kira stationer, kamar dai bambancin mai shago da ɗan koli a wajenmu. Ƙungiyarsu ta Landan ta kafu a 1403, ta samu takardar amincewar sarauta a 1557. Hajar stationer ita ce stationery. Ni dabarar da nake ba ɗalibaina: paper da er take ƙarewa, to kayan takarda ma er ne.

Mai shagon kayan rubutu, Zariya:
Allah ya saka da alheri, Malam. Yanzu na duba rasit ɗin da na bayar aka buga mini, shi ma da a ne, bandir goma. Gobe da safe zan koma wajen mai ɗab'i kafin ya buga na gaba.