Wiegraf ya tsare ni a Riovanes, ina mafita?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina buga Final Fantasy Tactics: The War of the Lions a waya da PPSSPP (manhajar buga gem ɗin PSP), na kai ƙarshen babi na 3, fadar Riovanes. Bayan faɗan bakin ƙofa gem ɗin ya ce in ajiye, na ajiye a gurbi ɗayan da nake da shi. Yanzu Ramza, jarumin da nake bugawa da shi, ne shi kaɗai gaban abokin gabarsa Wiegraf, sara biyu jinina ya ƙare. Ba hanyar fita kasuwa, ba inda zan ƙaro ƙarfi. Ramza ɗina Knight ne. Sai na koma farko kenan?

Baban Hanifa: Wa'alaikumussalam. Kwantar da hankalinka ƙanena, wurin nan tun 1997 da gem ɗin ya fito a PlayStation yake sa manya kuka. Kafin a shiga faɗan ana barinka ka canza aiki ka koyi dabara da JP (makin koyon dabaru) ɗin da ka tara. Mayar da aikin Ramza daga Knight zuwa Squire, ka duba ko za ka iya sayen Tailwind. Duk sanda ka yi ta, saurinka zai ƙaru da 1. Kada ka tsaya musayar sara da shi. Layi ya zo kanka, ka matsa nesa iya tafiyarka, ka yi Tailwind, haka haka har ka riƙa motsi biyu ko uku kafin ya yi ɗaya. Daga nan ka koma Focus ka tara ƙarfin duka. Kada ka yi gaggawar kayar da shi, domin yana faɗuwa zai rikiɗe ya zama dodon nan Belias, ya zo da aljanunsa, kuma duk abin da ka tara yana nan jikinka lokacin da sauran yaranka za su shigo.

Ummi_Zinder: Ƙara da Auto-Potion na aikin Chemist, dabarar da ke ba ka magani da kanta in aka sare ka, idan JP ya kai. Sai dai mafi ƙanƙantar magani take fara ɗauka. In akwai Potion mai ƙara jini 30 a jakarka, shi za ta yi ta ba ka alhali ga X-Potion mai 150 a ajiye. In kuma ka taɓa sayen rigar Chameleon Robe, saka wa Ramza. Wiegraf zai daina jefo maka takobin tsarkin nan nasa.

Ɗan Fagge: Rigar ba ni da ita, amma JP ɗin Squire ya isa Tailwind. Allah ya saka da alheri Yaya, ke ma Malama na gode.

Baban Hanifa: Amin. In ka ci, ajiye a sabon gurbi tukuna. Faɗan saman rufi na biye, kuma in aka kashe Rapha, yarinyar da za ka kare, shi kenan an cinye ka. Yarinyar nan da kanta take ruga wa Elmdore, babban abokin gaba a faɗan, wani lokaci kafin ka ko motsa. Masu sauri za ka shiga da su, irin su Ninja.