Masana keke ku taimaka, na sayo ƙatuwar taya ta ƙi hawa rim

Malamin Firamare: Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kaina ne ya kulle. Ina koyarwa a wani ƙauye can gefen Daura, daga gida kilomita 12 ne. Da a mashin nake zuwa, to tunda aka cire tallafin mai a 2023 sai na ga albashin duk a gidan mai yake ƙarewa, ga maiɗakina ta haihu a lokacin, ga ragon suna, ga kwanon ɗakin Inna da iska ta yaye, duk a damina ɗaya, sai na sayar da mashin ɗin, wanda ya saya ma har yau da sauran kuɗina a hannunsa amma wannan wani zance ne. Na ciri wani abu na sayi keke ɗan gwanjo mai giya, irin na hawan dutsen nan mai shakazoba a gaba. Keken lafiyarsa ƙalau wlh, hanyar ce matsala. Akwai kwalta, akwai burji, sai wani rairayi kamar kilomita 3 har da wani busasshen rafi. Da rani dole na sauka na tura, na isa makaranta sharkaf da gumi, yara suna sannu da zuwa Malam suna ƙunshe dariya.

Sai na gani a YouTube ana sa wa irin kekunan nan taya mai faɗi, wadda ake rubuta 27.5+, wai tana shiga keke mai wili inci 29 irin nawa. Na sa ƙanin matata da ke Legas ya nemo min guda biyu, 27.5x3.0, wato na wili 27.5 masu kaurin inci 3, kuɗin ya kusa albashin wata. Jiya na kai wa mai faci, ya yi ya yi da ƙarfen cire taya har da ruwan sabulu ta ƙi hawa, ya ce in ya ƙara dannawa bakinta zai tsinke. Yanzu wani a Kano ya ce yana da wili biyu na 27.5 masu faɗi, zuwa Juma'a in ban turo kuɗi ba zai sayar wa wani. In saya?

Abu Hanifa: Wa alaikumus salam Malam. Ba ka faɗi sunan keken ba, ba ka faɗi me aka rubuta a jikin tsohuwar tayar ba, kuma birkin na faifai ne ko na roba mai kama rim?

Injiniya Jos: Malam ka gode wa Allah mai facin nan ya tsaya. Ko shekara zai yi yana shafa sabulu ba za ta hau ba. Rim na 29 faɗin da'irarsa milimita 622 ne, na 27.5 kuma 584, bambancin 38, kuma bakin taya ba ya miƙewa. Abin da ka gani a bidiyon ba ƙarya ba ne, rabinsa ka ji. Cewa ake wili na 27.5 da ƙatuwar taya tsayinsa ya kusa na 29 mai taya ta al'ada. Yi lissafi tunda malami ne kai: inci 3 milimita 76 ne, sama da ƙasa 152, haɗa da 584, 736. Na 29 mai taya 2.25 kuma 57 sau biyu a kan 622, shi ma 736. A takarda kenan, a zahiri yakan ɗan fi gajarta. Wato wilin gaba ɗaya ake canzawa, ba taya kaɗai ba. Kuma kar ka tura wa na Kano ko sisi sai ka tambaye shi faɗin hob ɗin, wato cibiyar wilin. Yawancin wilin da aka yi wa irin wannan tayar Boost ne, wato mai faffaɗan hob, baya milimita 148 gaba 110. In naka irin mai ɗan hannun nan ne da ake lanƙwasawa a zare wili, to baya 135 ne gaba 100, ba zai shiga ba, kuma ba abin da ƙara wasar ƙarfe zai gyara tunda hob ɗin ne ya fi firam ɗin, wato ƙarfen jikin keken, faɗi.

Malamin Firamare: Na gode Injiniya. Birkin faifai ne, tsohuwar tayar 29x2.1. Eh mai ɗan hannun ne. Amma shi mutumin ya ce min ya sha sa wa mutane irinsa, kuma abokin yayana ne ba zai cuce ni ba.

Injiniya Jos: Ba maganar cuta nake ba, maganar awo nake. 148 ba ya shiga 135 ko ɗan'uwanka ne ciki ɗaya.

Baban Khalifa: Hmm wannan "na sha sa wa mutane" ita ce ta cinye min firam. Na kai nawa a sa taya mai ɗan kauri, da ta riƙa gogawa a baya sai bakaniken ya sa guduma ya ɗan lotsa ƙarfen wai ya buɗa mata hanya, ashe alminiyam ne, wata biyu ya tsage daidai wajen. Na koma masa ya ce ai ni ne na yi nauyi. Har gaban mai unguwa muka je, ƙarshe aka ce in bar wa Allah. Ni yanzu ko iska da kaina nake sawa.

Ɗan Damagaram: Malam mu nan rairayi ne abincinmu. Gsky in yashin mai zurfi ne ya bushe, inci 3 ma nutsewa za ta yi, sai dai ta rage. Mai inci 4 ce ke tafiya a kai, ita kuma kekenta daban. Kafin ka kashe wani kuɗin gwada wannan: in ka zo bakin rairayin rage iska, sa giya mai sauƙi, ja jikinka baya a kan sirdi, kar ka danne kan keken kuma kar ka daina taka feda. In ka fita sai ka ƙara iska da ɗan famfo.

Malamin Firamare: Ai na taɓa rage iskar ɗan'uwa, ranar faci biyu na yi, huda biyu a jere kamar an sa almakashi.

Injiniya Jos: Rim ne ya mintsini tif ɗin, dole, kana rage iska a siririyar taya da tif a ciki. Amfanin 27.5+ ɗin dama shi ne ka yi tafiya da iska kaɗan, kamar 14 zuwa 18 a awon iska na psi, kuma sai tubles, wato taya marar tif, yake yiwuwa da kyau. Sannan rim ɗin cikinsa ya kai milimita 35 zuwa 45, in ka sa ta a siririn rim sai ta riƙa lanƙwashewa a kwana. Yanzu ɗauki ruler ɗin ɗalibanka, cire wilin baya, auna kamar santimita 33 daga inda tsakiyar wilin ke zama zuwa gaba, sai ka auna tsakanin ƙarafan firam biyu da tayar ke juyawa a tsakaninsu a daidai nan. Kana buƙatar milimita 76 da rarar aƙalla 6 kowane gefe, 88 kenan. Ka auna fok ma, wato ƙarafan da ke riƙe wilin gaba.

Maman Ilham: Ni dai nawa ido, amma tubles a ƙasarmu? Na maigidana ruwan toshe huda da ake zubawa ciki bushewa yake da zafin nan kafin ka ankara, ya zama kamar danƙo, kuma sai an aiko daga Abuja. Ga shi kullum falo ne garejinsa, tabon abin nan har yau yana kan kafet ɗina.

Abu Hanifa: Amma Hajiya tsidau fa? Mai tif kullum yana wajen mai faci.

Malamin Firamare: Na auna, 74 na samu a baya, gaba 85. Amma ina ga ruler ɗin ba daidai take ba, bakinta ya ɗan cinye. Kuma da na ɗora tayar a ido ba ta kai 76 ba.

Injiniya Jos: Tayar da ba iska kake aunawa Malam. Baya ya fita daga lissafi, 74 ko ta shiga ba za ta juya ba, balle laka ta maƙale da damina. Kuma na tabbata farantin sarƙa uku ne da kai a gaba, in ka sa ƙaramin sarƙa za ta riƙa gugar tayar. Magana ɗaya ce: sayar da tayoyin nan, nemi 29x2.3 ko 2.4 ka sa a rim ɗinka. Shikenan.

Mai Gyara Zariya: Injiniya a yi a hankali, ba shikenan ba. Gaba fa 85 ya samu. Ya sayi rim ɗaya mai faɗi na 27.5 mai ramuka daidai da hob ɗinsa, yawanci 32 ne, a ɗaura masa da gajerun sifoki, ya sa ƙatuwar a gaba kawai. Gaba ce ke kwacewa a yashi ta kayar da mutum.

Ɗan Damagaram: A'a baya ce ke nutsewa, nan nauyin yake.

Injiniya Jos: Rarar 4 da ɗoriya kowane gefe, a fok ɗin gwanjo? Wilin ya ɗan karkace kaɗan ta kama, a gaba kuma, da ka zai sauka. Ni na faɗi nawa. Kuma ku tuna yana da kwalta, tayar nan kowace ta kusa kilo guda, zai ji a cinyarsa.

Sani Mai Shayi: Malam ka bi kuɗinka wajen wanda ya sayi mashin, ka haɗa da na taya ka sayi ko tsohuwar Jincheng ce hhhh

Malamin Firamare: Wanda bai san dawan garin ba ai haka zai ce. Ba kwalliya ta sa na saya ba, kuma ba zan iya ce wa ƙanin matata ya mayar ba bayan wahalar da ya sha, a gida ma ban faɗi ainihin kuɗin ba. Na kira na Kano ya ce bai san wani Boost ba amma akwai mai walda a layinsu da ke buɗa firam. Mai Gyara, rim ɗin da ka ce ana samu a Zariya?

Baban Khalifa: Mai walda?? Innalillahi. Malam ka karanta abin da na rubuta a sama kuwa?

Malamin Firamare: Na karanta Alaji, amma ina ga nawa ƙarfe ne ba alminiyam ba. Da me ake ganewa?

Abu Hanifa: Sa masa maganaɗisu, in ya kama ƙarfe ne. Har yanzu dai ba ka faɗi sunan keken ba.