'Yan promo 2015 muna son haɗuwa a Damagaram ƙarshen Disamba, wa ya taɓa shirya irin wannan taro?

Ɗan Garin Malam:

Salamu alaikum jama'a, da fatan an wuni lafiya. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu shiga wannan rigima, dan ni kam kaina ya fara zafi.

Mu ne muka gama lisans a jami'ar Zinder a 2015, wadda yanzu ake ce ma André Salifou. Lokacinmu jami'ar ma jaririya ce tunda a 2010 aka kafa ta, kusan kowa ya san kowa. Bana shekara 10 kenan cif. Abin da ya tada maganar, da damina wani kamarad ɗinmu ya rasu, Allah ya jiƙan shi, muka haɗu mu bakwai wajen gaisuwa muna zaune kan tabarma sai wani ya ce wai mu sai mutuwa ce kawai za ta riƙa haɗa mu? Daga nan aka buɗe grup a WhatsApp, yanzu mu 83 ne a ciki, kuma ban san yadda aka yi ba aka wayi gari ni ne sakatare.

Mun tsaida Asabar 27 ga Disamba saboda da yawanmu malaman makaranta ne, lokacin suna konje, ga sanyi, ba kamar watan Afrilu ba da mutum zai narke ƙarƙashin rumfa. Matsalar ita ce kuɗi. 'Yan Yamai suka ce kowa ya bada jika 10, a kama sal mai kilim, a yi anko, a kira mai hoto. Ranar da aka faɗa kowa ya turo babban yatsa. Yau sati uku mutum 14 kacal suka biya, grup ɗin da ada ba a barci saboda surutu yanzu tsit kamar an yi ruwa an ɗauke, in na tura saƙo sai in ga mutum 60 sun karanta ba wanda ya ce uffan.

To tambayata: nawa ya kamata a sa kotizasiyo? Sal ya fi ko a kafa rumfa a wani fili, ko mu fita Mirya cikin garka tunda kilomita 18 ne kawai? Kwana ɗaya ko biyu? Kuma me ake yi a wurin ma bayan cin abinci, dan bana son mutum ya taso daga Difa ko Agadas ya zo ya sha jawabi ya koma.

Dwayan na Birni:

Wa alaikumus salam ƙanena. Sannu da ɗaukar kaya, sakataren promo aiki ne na ba godiya sai zargi. Mu mun yi namu na shekara 20 da cin bak, ni ne ma'aji, bari in faɗa maka inda muka sha kashi dan kar ku bi ta nan.

Na farko abinci. Mun lissafa mutum 70, muka ba mai girki kuɗin mutum 80 muna ganin mun yi wayo. Ranar taro wannan ya zo da mata da yara uku, wannan da abokinshi da ya rako shi, ga direbobi, ga maroƙa biyu da ba wanda ya gayyace su amma sun san sunan kakan kowa, ga yaran unguwa sun yi layi bakin ƙofa da robobi. Wallahi kafin a kai layin kujeru na huɗu nama ya ƙare, ina tsaye bayan rumfa ina kallon mai girki tana karkace gindin tukunya tana harara ta, ƙarshe ni da wani muka hau kabu-kabu muka je muka kwashe tsiren wani mai nama kaf da kuɗin aljihunmu, har yau ba wanda ya maida mani ko dala. Donk duk adadin da kuka samu ku ƙara rabinshi a kai. Kuma a yi tire-tire, mutum biyar biyar, ya fi auki kan a ba kowa faranti, kuma hira ta fi daɗi.

Na biyu, kar ka yarda kuɗi su shiga hannunka kai kaɗai. Ku zama uku, wanda zai tura ta Nita ko Amana ya tura wa mutum ɗaya ya aiko hoton resi, kowace Juma'a ku sa jimillar abin da ya shigo da abin da ya fita a grup. Jimilla na ce. Kar ka kuskura ka sa jerin sunayen waɗanda ba su biya ba, mu mun yi haka, mutum tara suka fita grup a dare ɗaya, ɗaya daga cikinsu benci guda muka zauna shekara uku, har yanzu in mun gamu a kasuwa gaisuwar tamu sama-sama ce.

Wuri kuma ni rumfa nake goyon baya. A Disamba me za ka yi da kilim? Ku nemi farfajiyar wata makaranta tunda ana hutu, ku rubuta takarda da wuri a sa hannu, ku yi hayar rumfa biyu da kujeru da tabarmi. Mirya akwai daɗi amma sai kun nemo mota ta kai ta maido, kuma duk wanda ya makara ya rasa taro kenan. Cikin gari ko da azahar mutum ya iso ya hau adaidaita ya same ku. Ku tanadi grup na wuta, wato janareto, ko da akwai kuran, kuma ku sayi esansi ku riƙe da kanku, namu mai sono ya ce ya cika tanki, ana tsakiyar addu'ar mamata makiro ya mutu. Ruwa kuwa ai kai ɗan garin ne ba sai na tuna maka halin Damagaram da ruwa ba, kar ku dogara da pompo, tun jajibiri a cika tano biyu na alwala da wanke hannu, na sha kuma piyawata.

Sannan manya. In za ku gayyaci tsoffin malamanku ku gayyace su, sun cancanta, a aika mota ta ɗauko su. Amma kar ku ɗaura buɗe taro a wuyan wani babban mutum. Mu mun jira namu awa biyu har shinkafa ta huce.

Maman Ikram:

Ni ba 'yar promo ɗinku ba ce amma bari in sa baki saboda na tabbata a biro ɗinku ba mace ko ɗaya, ko ƙarya nake Malam sakatare? Ku saka biyu tun yau.

In kuna son mata su zo to a yi abin da rana, a fara goma a tashi da la'asar, zancen dina da dare ku manta da shi, ba mijin da zai bar matarshi ta je zama da 'yan ajinsu bayan isha'i, kuma ku buga kati na takarda da sunan mijin a kai, a rubuta shi da iyalinshi ake gayyata. Ƙaramin abu ne amma yana sauƙaƙa mana tambaya a gida sosai, saƙon WhatsApp daga wani namiji da bai sani ba kam sai dai ya jawo magana. A ware gefe guda da tabarmi da inuwa saboda masu goyo, a duba makewayi kafin ranar ba ran taro ba, a ajiye butoci.

Anko kuma dan Allah a bar shi. Atamfa, ɗinki, ga tela da zai ce gobe har ranar ta wuce. Wadda ba ta samu ta yi ba ba za ta zo ba ta zauna ita kaɗai daban cikin mutane. In dole sai an yi alama a buga ɗan baj da suna, dama wasu ƙiba da furfura sun sa ba za ku gane juna ba.

Kuma kar ku ce matan promo su za su yi girki dan a rage kuɗi! Mu ma hira muka zo. Abin da zan ce a sa cikin lissafi shi ne alkaki, a ɗaure wa baƙi su tafi da shi, wanda ya zo Damagaram ya koma gida ba alkaki ai yaranshi ba za su yarda ya zo ba.

Mushe na daji:

Sakatare, ni ina cikin grup ɗin, ina cikin mutum 60 ɗin da ke karantawa su yi shiru. A can na kasa magana, nan tunda ba sunana bari in faɗa maka gaskiya.

Ni malamin makaranta ne ɗan kontiragi a wani ƙauye gefen Tanut. Jika 10 a wajen wanda ke aiki a poroje ko matatar mai ta Soraz kuɗin kiredi ne, a wajena buhun abinci ne da maganin yaro. Ga kuɗin mota zuwa da komowa. Amma wallahi ba kuɗin ne ma ya fi tsaya mani ba. Na ga pirogram ɗin da wani ya turo, wai kowa zai tashi ya faɗi sunanshi da inda yake aiki da matsayinshi. To ni in tashi in ce me? Wanda na riƙa yi ma bayani dare da rana kafin egzame yanzu shi ne zai fito daga mota mai lambar gwamnati, ina mashi murna har zuciya, Allah ya ƙara, amma in tsaya gaban mutum 80 da makiro in ce shekara tara ina jiran matirkil, lambar zama cikakken ma'aikacin gwamnati? Akwai waɗanda ma ko kontiragin ba su samu ba, ɗaya na sani yana tuƙa adaidaita nan cikin gari, in ya hango ɗan promo sai ya ja hula.

Ina son zuwa. Ina son in ga mutanen da muka ci garin rogo kwano ɗaya lokacin rubuta memwar. In za ku cire wancan tashi-ka-faɗi-matsayinka ɗin, ku bar kuɗi kowa ya bada abin da ya iya ba tare da an sani ba, zan zo ko a bayan tifa ne.

Baban Sadik 227:

Kai Mushe ka sa jikina ya yi sanyi. Zo abinka, mu ma na Yamai ɗin rabi bashi ne cikin shadda.

Sakatare game da abin yi, kwana ɗaya ya isa amma ka tuna mu nan kusan kilomita 900 ne, bis ta tashi da asuba sai dare take shiga, donk Juma'a hanya, Lahadi hanya, a samo mana masauki gidajen 'yan promo kawai ba sai otel ba. Safiyar Asabar ƙarfe bakwai a buga bal, masu tumbi da marasa tumbi, minti 15 sau biyu kar wani ya faɗi. Bayan azahar a kafa shayi fada-fada kamar da, a sa tsoffin hotuna a bango kowa ya nemo kanshi. Da la'asar wanda ke so a zaga Birni a wuce ta ƙofar fada, akwai waɗanda rabon su da garin tun kafin Zinder Sabuwa, bikin ranar jamhuriya da aka yi a garin a 2018, ba su ga titunan da aka yi ba. Kuma a tuna ma 'yan Yamai masu ɗaga hanci cewa nan ne babban birnin ƙasa har 1926, mu aro muka ba su.

Ɗan Garin Malam:

Na gode ƙwarai jama'a. Dwayan Allah ya saka, maganar jerin sunaye ta zo a kan gaɓa dan wallahi har na rubuta shi ina shirin turawa daren nan, na goge. Hajiya Maman Ikram kin kama mu, ba mace a biro, gobe za a gyara.

Mushe, ban san ko kai wane ne ba kuma ba zan bincika ba. Na kira shugaban promo yanzu mun yi kusan awa a waya. An cire gabatar da matsayi, suna kawai da laƙabin da ake kiran mutum a amfi. An soke anko da sal. Kotizasiyo ba adadi, wanda ya riga ya bada jika 10 mun gode, mai jika ɗaya ya kawo, wanda ba shi da ko ɗaya ya kawo kanshi, jimilla kawai za mu riƙa sanarwa. Abin da ya yi saura bayan taro za mu kai ma iyalan kamarad ɗinmu da ya rasu, ya bar yara biyu. Mutum biyu daga Yamai sun ce za su ɗauki kuɗin motar waɗanda ke daji, ana tura ma ma'aji saƙo a keɓe shi kaɗai zai sani.

Saura rumfa da kujeru 150 da tabarmi kamar 20. Wanda ya san mai haya mai cika alkawari wajen Sabon Gari ko Zango ya yi mani magana ta inbos, ina so in ba da abans kafin ƙarshen wata dan Disamba bukukuwa sun yi yawa.